Hatsarin Jirgin Torrey Canyon da Dokokin da Ya Haifar

Ran 18 ga watan Maris, 1967, wani makeken jirgin ruwa na dakon mai, mai suna Torrey Canyon, ya kafe a kan duwatsu a kudu maso yammacin Ingila, yana ɗauke da ɗanyen mai kimanin tan 119,000 daga Kuwait. Man ya malala a teku, ya ɓata gaɓar Ingila, sa'an nan iska ta kora shi har gaɓar Faransa, tsuntsayen ruwa dubbai suka halaka.

Ban da ɓarnar, hatsarin ya ta da tambayoyi biyu: wa ke da ikon ɗaukar mataki, wa kuma zai biya diyya? Jirgin dai na reshen wani kamfanin Amurka ne, an yi masa rajista a Laberiya, matuƙansa Italiyawa ne, kamfanin BP kuwa shi ya ɗauko shi haya. Bugu da ƙari, wurin da ya kafe yana wajen iyakar ruwan Ingila, wadda a wancan zamani mil uku ce kawai daga gaɓa. Sai bayan kwana goma gwamnatin Ingila ta sa jiragen yaƙi suka yi masa ruwan bama-bamai domin a ƙone sauran man. Diyya kuwa ba ta samu ba sai da aka tsare wani jirgin kamfanin a Singafo, aka sasanta a 1969 a kan fam miliyan uku, Ingila da Faransa suka raba.

Ganin haka ya sa ƙasashe suka hallara a Burasal a 1969, a ƙarƙashin hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ƙulla yarjejeniya biyu. Ta farko ta ba ƙasar da ɓarna ke fuskanta ikon ɗaukar mataki a kan jirgin da ya yi hatsari, ko da a wajen ruwanta yake. Ta biyu ta ɗora wa mai jirgi alhakin biyan diyya ko da ba a tabbatar da sakacinsa ba, ta kuma wajabta masa inshora. A 1971 aka amince da kafa asusun ƙarin diyya, wanda kamfanoni masu karɓar mai ta teku za su riƙa zuba wa kuɗi.

To, da yake rigakafi ya fi magani, yarjejeniyar MARPOL ta 1973, wadda aka gyara a 1978, ta shimfiɗa ƙa'idodin ƙera jirage da zubar da dattinsu. Bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, aka ƙulla wata a 1990, wadda ta wajabta wa ƙasashe yin shiri tun kafin hatsari, da sanar da maƙwabta, da taimakon juna da ƙwararru da kayan aiki.

Mai nazari zai lura cewa kusan kowace doka a nan ta zo ne bayan an riga an yi hasara. Amfaninsu kuwa ya rataya a kan yadda kowace ƙasa ke binciken jiragen da ke ɗauke da tutarta da masu shiga tashoshinta, domin man da ya zuba a teku bai san iyakar kowa ba.