Kewaye furoksi ko gyara shi?

A ofisoshin da ke bakin babbar hanyar RN1, daga Gidan Rumji a yammacin Maraɗi zuwa Agye da Gazawa a gabas, aiki da yawa sai an tura shi Maraɗi ko Yamai ta intanet: rahoton wata, hotunan takardu, jerin sunaye. Inda aka sa furoksi, wato na'urar da ke tsakanin kwamfutocin ofis da intanet tana tace shige da fice, akwai matsalar da ke cin rai. Shafuka na buɗewa, saƙo na tafiya, amma babban fayil sai ya kama hanya ya cije. A nan ma'aikata kan rabu biyu, masu kewayewa da masu gyarawa.

Mai kewayewa yakan ce rezo ne, ya haɗa kwamfuta da salularsa, ya tura ta layin Airtel, Moov ko Zamani. Ban ga laifinsa ba, don rahoto yana da ranar da ake jiransa. Sai dai kuɗin data daga aljihunsa suke fita, gobe kuma matsalar tana nan. Abin da ya fi damuna shi ne idan aka koma WhatsApp, takardun da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya ko na ɗalibai su kwana a wayar mutum.

Mai gyarawa da tambaya ɗaya yake farawa: a ina fayil ɗin ke tsayawa? Idan a ƙarshe ne, an kusa ɗari bisa ɗari, kuma da FTP ake turawa, to sau da yawa dalilin sananne ne. Tsarin FTP da aka rubuta a 1985 da layi biyu yake aiki, ɗaya na umarni a ƙofa ta 21, ɗaya na kaya. Yayin da kaya ke tafiya a hankali, layin umarni shiru yake. Furoksi ya ga shirun ya yi yawa, sai ya yanke shi, kamar dillalin da ya daɗe bai ji ɗuriyar mai saye ba ya ɗauka ciniki ya mutu. Fayil ya isa lafiya, amma amsar 226 da ke cewa an kammala ba ta da hanyar dawowa. Maganinsa a ƙara wa'adin jira, ko a sa manhaja ta riƙa motsa layin, ko, abin da na fi so, a koma SFTP da ke bin layi guda a ƙofa ta 22.

Idan ƙananan fayiloli na wucewa, manya kuma na maƙalewa tun farko, a duba girman ƙunshin bayanai. Bait 1500 ne aka saba, amma PPPoE na rage shi zuwa 1492, VPN ma na cin nasa rabon. In an toshe saƙon ICMP da ke cewa a rage girma, ƙunshin zai ɓata ba wanda ya sani. Idan kuwa kullum a girma ɗaya ake tsayawa, an sa iyaka ne da gangan, lambar kuskure ta 413 kan tona hakan.

Gyara na buƙatar wanda ke da izinin taɓa na'urar, shi kuma wataƙila yana Maraɗi ko Yamai. Raunin wannan hanya ke nan. Duk da haka ita nake goyon baya, kuma salular ma tana da aiki a cikinta: a tura fayil ɗaya daga kwamfuta ɗaya, sau ɗaya ta furoksi, sau ɗaya ta waya. In ya wuce ta waya, an san a hanyar ofis matsalar take, sai a rubuta wa mai gyara girman fayil da mintin da ya tsaya.

Akwai abin da hanyoyin biyu ba sa magancewa: ɗaukewar wuta ana tsakiyar turawa. Layin wutar da ke fitowa daga Katsina ta Gazawa yake shigowa, kuma a watan Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar. A irin wannan wuri, manhajar da ke ci gaba daga inda ta tsaya, kamar rsync ko FileZilla, ita ya kamata a fara nema wa kowane ofis, sannan a gwada ko furoksin yana barin ci gaban ya yi aiki.