Kafin a ɗora yara a kwale-kwale

Mu mutanen Adar ƴan tudu ne. Ruwan da yaranmu suka sani na rijiya ne da na famfo, sai kududdufin damina da ba ya wuce gwiwa. Amma da an ba da hutun makaranta, ko kwana biyu bayan Sallah, sai ka ga magidanci ya kwashi iyali sun nufi Tabalak, kamar kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Abalak, a ci soyayyen kifi, a shiga kwale-kwale a zaga tabki. Masu hali su wuce Yamai, su kai yara Bubon ranar Laraba da kasuwa ke ci, ko Allah zai sa a hangi dorina. Ba ni da ja da wannan. Yaron da ya tashi cikin duwatsu da rairayi ya cancanci ya ga ruwa ya shimfiɗu iya ganinsa, kuma tabkin Tabalak abin nunawa ne, tun 2005 yana cikin jerin dausayin duniya da ake kiyayewa.

Matsalar ita ce muna shiga jirgin ruwa da halin da muke shiga motar kasuwa: a matsa, a ƙara mutum ɗaya, Allah ya kiyaye hanya.

Na ga haka da idona. Mun shiga wani kwale-kwale ni da uwargida da yara uku, mai jirgi yana ta kiran wasu. Na sa hannu a gefen jirgin, sai na ga tsakanin bakin katako da ruwa bai fi yatsa huɗu ba. A tsakiya wani yaro ya duƙa da yankakken galan yana kwashe ruwa, tun ba mu bar gaɓa ba. Uwargida ta taɓa ni ta ce, "Malam, mu sauka." Mai jirgi ya ce, "Haba Alhaji, shekara nawa muna wannan aiki!" Kunya ta kusa zaunar da ni, don mutane sun zuba mana ido. Muka sauka dai, kuɗin da muka biya ya tafi, ƙaramar ta yi ta kuka har bakin mota.

Wannan kunyar ce ke kashe mutane. A ƙarshen Nuwamba 2021, a Bagwai ta jihar Kano, jirgin da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya za su Maulidi ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Girman jirgi ma ba ya hana: Joola na ƙasar Senegal, wanda aka ƙera don ɗaukar mutum ɗari biyar da ɗoriya, ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 da fiye da rai 1,800.

Saboda haka uba ya tsaya a gaɓa ya duba kafin kowa ya sa ƙafa. In jirgi ya nutse sosai da lodi, ko an haɗa mutane da babura da buhuna, a jira na gaba. A tambayi rigar ruwa, a kuma tabbatar daidai jikin yaron take, domin ta manya zamewa take yi ta kansa da ya faɗa. In babu, yawon ya tsaya a bakin tabki, kifin ma a can yake. Yara su zauna a tsakiya, kowane ƙarami da babban da ke riƙe da shi, ban da tashi tsaye don ɗaukar hoto. Mace ta kwance goyo ta rungume jaririn a gaba. Kada a yarda la'asar ta yi sanyi ana kan ruwa, balle in hadari ya haɗu a gabas, don iskar da ke gabansa ba ta ba da lokaci. A kogin Kwara kuma kada a roƙi mai jirgi ya matsa kusa da dorina, musamman mai ɗa.

Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, shiru yake tafiya. In an tsamo shi ba ya numfashi, a bar al'adar juya shi ƙasa ana danna ciki. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ko ya farfaɗo yana wasa, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai kuma abin da ke biyo yara gida a ɓoye. Ruwan tabki mai kwanciya gidan dodon koɗi ne, shi kuwa yake ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke ratsa fata yayin wanka ko wasa. Sai bayan wata biyu ko uku yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshe. A wasu ƙauyuka har yanzu ana ɗauka alamar balaga ce ga namiji. Cuta ce, tana cin mafitsara a hankali, kuma ƙwayar praziquantel na maganinta. A kai shi a auna fitsarin, a gaya wa likita ranar da ya shiga ruwan.