Asturlabin Sarkin Yaman a Birnin New York

Kafin agogo ya shiga aljihun kowa, da inuwa ake gane azahar. Ina yaro na ga mahaifina yana auna tasa inuwar da tafin ƙafa kafin ya yi wa ladan izini. A Bagadaza da Alƙahira da Andalus kuwa malamai suna da asturlabi: faifan tagulla mai zane-zanen taurari, wanda ake rataye shi a yatsa a auna tsayin rana, a fitar da lokacin salla.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daraja yau shi ne na Al-Ashraf Umar, ɗan gidan sarautar Banu Rasul na ƙasar Yaman. Shi ya ƙera shi, ya sa masa hannu a shekarar 690 ta Hijira, wato 1291, tun yana ɗan sarki. Ya hau gadon mulki a 1295, ya rasu a 1296. Ya kuma wallafa littafi kan yadda ake ƙera asturlabi da yadda allurar maganaɗisu ke nuna alƙibla, kuma a ƙarshen littafin akwai ijazar malamansa, waɗanda suka duba aikinsa suka shaida ingancinsa. Sarki da ijazar ƙira! Wannan kaɗai ya isa abin tsayawa a kai.

To, ina faifan yake? Yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Wani maƙerin azurfa Ba'amurke, Edward Moore, mai tara kayan Gabas, shi ya yi wasiyya da shi ga gidan a 1891. Haka na Shah Abbas na Biyu na Farisa yake a Oxford ta Ingila.

Sunan mai shi ne ke ɗaga farashi a kasuwar gwanjo, shi ya sa jabu ya yawaita: a zana sunan wani mashahuri a kan sabuwar tagulla, a sayar wa mai kuɗi. Masana sukan kama su ta lissafi, domin taurarin jabu ba su zama inda ya kamata.

Ba laifin masu tarawa nake gani ba. Ba don su ba, da wasu faifan sun ƙare a tukunyar maƙera. Abin da ke damuna shi ne asturlabi a bayan gilashi ba ya auna komai. A Kuwait, gidan sarautar Al-Sabah na riƙe da wanda Nastulus ya ƙera a 315 ta Hijira, mafi tsufa cikin masu ɗauke da kwanan shekara. Ƴaƴanmu nawa ne suka taɓa jin sunansa a makaranta?