Magana ita ma aiki ce: ilimin harshe a cikin manhajar tafiyar da ayyuka

A cikin wannan ɗan bayani muna son mu nuna cewa manhajar da ke tafiyar da ayyukan ma'aikatu, wadda ake ce wa « logiciel de gestion des flux de travail » da faransanci, tana da wani reshe da ya tsiro daga ilimin harshe. Aikinta shi ne ta ɗauki takarda, misali ta neman sayen kayan aiki, ta miƙa ta daga mai nema zuwa shugaban sashe, daga nan zuwa ma'aji, bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa mata. Idan kuɗin ya wuce wani adadi, sai ta bi da takardar ta wurin darakta. Idan ta daɗe a hannun wani, sai ta aika masa da tuni.

Tun a 1962 Austin ya nuna, a littafinsa da aka fassara da sunan Quand dire, c'est faire, cewa jimla irin « na yi alkawari » ba labari take bayarwa ba, aiki take aikatawa. Searle ya faɗaɗa wannan ra'ayi a 1969. Wanda ya kai shi ofis kuwa shi ne Fernando Flores, tsohon ministan kuɗi na ƙasar Cile, wanda ya yi shekara 3 a kurkuku bayan juyin mulkin 1973. A 1986, shi da Terry Winograd na jami'ar Stanford a Amurka suka wallafa littafi inda suka ɗauki ma'aikata a matsayin saƙar roƙo da alkawari. Manhajar kamfanin Flores, The Coordinator, takan nemi mai aika saƙo ya bayyana irin maganarsa: roƙo ne, ko tayi, ko alkawari, ko ƙi. A 1992 aka tsara abin zuwa mataki 4, wato nema, yarjejeniya, aiwatarwa da gamsuwa. A ganinmu mataki na 4 ya fi amfani, domin aiki ba ya rufuwa sai wanda ya nema ya furta cewa ya gamsu. Duk malamin da dosiyensa ya taɓa kwana wata da watanni a cikin durowa, alhali an ce masa « an gama », ya san darajar wannan.

Amma akwai matsala. Lucy Suchman ta soki tsarin a 1994, tana ganin cewa tilasta wa ma'aikaci ya sa wa maganarsa lamba hanya ce ta sa masa ido. Mu ƙara da hujja daga hausa. Idan shugaba ya ba ƙaramin ma'aikaci aiki ya ce « to », me ya aikata? Mai yiwuwa ya amince, mai yiwuwa « na ji » kawai yake nufi. Haka nan « sai na duba » sau da yawa ƙi ne cikin ladabi, wanda ke barin ƙofa a buɗe ba tare da an kunyata kowa ba. Searle kansa ya yi nazarin irin wannan magana ta kaikaice a 1975. Manhaja kuwa maɓalli biyu take ajiyewa, na amincewa da na ƙi.

Yawancin manhajojin yau sun bi wata hanya dabam: ana zana aiki da akwatuna da kibiyoyi, bisa ƙa'idar BPMN wadda siga ta 2.0 ta fito a 2011. Duk da haka, danna maɓallin amincewa furuci ne mai ɗaure mutum, kuma na'ura na rubuta sunansa da ranar da ya danna. Saboda haka, kafin a fassara maɓallan zuwa hausa, ya kamata a tantance ko « na gani » ake nufi, ko « na yarda », ko « na ɗauki nauyi ».