Ciyawar da ba ta bukatar ƙasa

A ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu Shuɗi, akwai garuruwan Hausawa da Fulani. Wanda ya fi suna shi ne Mai Wurno, kusa da birnin Sinnar. Kakannin mutanen garin sun taso daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903. A arewa da su akwai Jazira, inda madatsar ruwan Sinnar, da aka gama a 1925, take shayar da auduga da alkama da dawa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya raba manoma da yawa da gonakinsu. To, wanda ba shi da gona, mene ne zai ba akuyarsa da rani?

Akwai wata dabara: shuka cikin ruwa, ba ƙasa. Hukumar abinci ta duniya, PAM, ta koyar da ita a sansanonin ƴan gudun hijira na Aljeriya da Cadi da Darfur. Kowane ƙwayar hatsi tana ɗauke da guzurinta a cikinta. Guzurin nan yana isar tsiro mako guda, in dai ya samu ruwa da iska da haske.

Ana raba tsohon bido biyu, a huda gindinsa da ƙusa. Sai a wanke alkama ko sha'ir ko masara, a jiƙa ta kwana ɗaya, a baza ta cikin bidon, kaurin ɗan yatsa. A ajiye a lambu, cikin inuwa. Ana yayyafa ruwa safe da rana da marece. Bayan kwana 7 ko 8, ciyawa ta kai tsawon tafin hannu, saiwoyinta sun sarƙe kamar tabarma. Akuya tana cinye ganye da saiwa duka.

Ban da dawa! Ɗanyen tsironta yana da dafi, yana kashe dabba.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne fumfuna. Inda ruwa ya kwanta, saiwa ba ta shan iska, sai ta ruɓe, ta yi wari. Don haka mai lura yakan ƙara huda, ya sa dutse ƙarƙashin gefe guda don ruwa ya gangara. Yakan wanke bido da sabulu kafin sabuwar shuka. In zafi ya yi yawa, ya rataya jiƙaƙƙen buhu ta wajen da iska ke shigowa. Ruwan da ya tsiyaye kuma ana tarbe shi a bokiti, a ba yakuwa ko kuɓewa.

Wanda ya samu bido 8, ya shuka ɗaya kullum, kowace safiya yana da ciyawa. Amma yawancin nauyinta ruwa ne, shi ya sa ake haɗa wa akuya da harawa ko dusa.

Tambayoyi
1. Ina tsiro yake samun abinci in ba ƙasa?
2. Don me ake huda gindin bido?
3. Wane hatsi ne ba a shukawa ta wannan hanya?