Kankaren toka: zai kai ƙarkon na siminti?

Tun kafin buhun siminti ya shigo Kano, magina na da abin da ruwa ba ya ci. Laso ke nan: katsin da ake kwasowa daga karofi, a ƙone shi, a haɗa da gashin jima da dafara, a shafe rufin soro da cikin ramukan rini irin na Ƙofar Mata.

Yau injiniyoyi ma sun karkata ga toka. Akwai kankaren da ake kira jiyofolima, sunan da Bafaranshe Joseph Davidovits ya raɗa a shekarun 1970. Babu siminti a cikinsa. Tokar tashoshin lantarki masu ƙona kwal ake kwaɓawa da soda mai ƙarfi da ruwan silikat, sai ta kama yashi da tsakuwa ta daskare. Da irinsa aka shimfiɗa wani ɓangare na filin jirgin Wellcamp a Ostiraliya, wanda aka buɗe a 2014.

To, zai yi ƙarko? A gwaje-gwaje ya fi na siminti jure ruwa mai tsami da gishirin ƙasa, domin farar ƙasar da waɗannan ke ci ba ta da yawa a jikinsa. Duk wanda ya ga yadda ruwan kwata ke cinye gefen lambatu a lungunan cikin birni ya san wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Yana kuma jure wuta.

Matsalar tana wajen rodi. Kankaren siminti na kare ƙarfen da ke cikinsa daga tsatsa tsawon shekaru. Na toka kuwa, in ba a daidaita haɗin ba, iska kan raunana wannan kariyar da wuri. Farin gishiri kan tsattsafo a fuskarsa, kuma sau da yawa sai an ɗumama shi kafin ya yi ƙwari. Ga ƙuruciya: na toka sabon shiga ne, simintin Portland kuwa tun 1824 aka yi rajistarsa, gine-ginensa sun ga damina fiye da ɗari.

Ni dai da za a ji tawa, da lambatu da bulon daɓe za a fara, bene ya dakata. Tokar kwal ma ba a kusa take ba, sai wurare irin tashar lantarkin Sonichar a yankin Agadez. Abin da Kano ke da shi tuli shi ne ƙaiƙayin shinkafa, kuma tokarsa cike take da silika. Sai dai tana buƙatar a haɗa ta da gasasshen kawolin, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara.