Tudun da Shanu Ke Kiwo a Kai: Ragowar Sansanin Katako a Ayilan

Yau shirinmu ya leƙa Ayilan, tsibirin da ke yamma da Ingila. A karkarar ƙasar, tsakiyar makiyaya, mutum kan ga tudu mai siffar ƙwarya a kife, da rami kewaye da shi. Ba halitta ba ne, hannu ne ya tara shi.

A shekarar 1169 mayaƙan Normawa suka ƙetaro daga Ingila da Wales. Ƙasar da suka ci ba ta kwanta musu ba, ga shi ginin dutse na cin shekaru. Sai su sa a haƙa rami a zagaye, ƙasar da aka fitar a tara ta a tsakiya, a kafa hasumiyar katako a bisa, a kewaye da shingen itace. A gindin tudun kuma akwai fili mai nasa shingen, inda dawakai da rumbuna suke. Galibi sun fi kafa su kusa da mashigin kogi, ko bakin hanya, ko iyakar ƙasar da suka ƙwace. Ku da kuke ratsa iyaka kun san dalili: wanda ya riƙe mashigi, shi ke ganin kowane garke da kowane kaya. Kuma a wancan zamani dukiyar mutanen Ayilan shanu ce, har diyya da su ake biya.

'Yan ƙasa fa ba su naɗe hannu ba. Sansanin farko da Hugh de Lacy ya kafa a Trim, bayan Sarki Henry na Biyu ya ba shi yankin Meath a 1172, bai daɗe ba aka cinna masa wuta. Shi kansa de Lacy, a 1186 wani ya sare shi da gatari a Durrow, yana duba aikin wani sansanin.

Katako ya ruɓe tuni, ƙasa ce ta rage, kamar dai ganuwar Kano. Ɗaruruwan irin tudun na nan, ciki har da na Granard da aka gina a 1199. Doka ta hana mai gona rushe su. Amma ɓarnar yau a hankali take zuwa: ƙasar ruwan sama ce, shanu in suka yi yawa kofatonsu na kwaɓe gefen tudun, ciyawa ta mutu, ruwa ya zaizaye. Shi ya sa ake ba manoma shawara su rage dabbobi a wurin lokacin danshi, kada kuma su ajiye kwamin ruwa ko abinci a kansa.